Zumunta a Ƙafa Take

Matafiyin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, idan ya wuce Mairuwa da Sheme, 'Yankara ce babban gari na ƙarshe da zai gani a ƙasar Katsina kafin ya faɗa Zamfara ta wajen Tsafe. Abin da idonsa zai kama bai wuce tasha da kasuwa da buhunan masara a bakin titi ba, sai shingen jami'an tsaro da ya zama ruwan dare a shekarun nan. Ba zai ga ƙananan unguwannin da ke bayan gonaki ba, waɗanda yawancinsu ke amsa sunan wanda ya sari wurin, Gidan Wane, Unguwar Wane. A irin waɗannan gidaje, daga ƙasar Faskari zuwa Ƙanƙara, a gangara Sabuwa, a juya Malumfashi da Ƙafur, akwai Hausawa Kirista, jikokin mutanen da ake kira Maguzawa. Da Hausa suke addu'a, da ita suke waƙa, da ita suke binne matattunsu. A ɗaya daga cikin gidajen nan aka yanke mini cibiya, kuma abin da nake so in waiwaya shi ne ɗan taron nan na mutum takwas ko goma da ke zama a tabarma ɗaya da Littafi Mai Tsarki a tsakiya, wanda muke kira zumunta. Na gan shi ya sauya kama a gaban idona, har ya kai yau mutum ne ke fita neman zumunta, alhali a da ita ce ke tarar da shi tun yana goye.

Tarihin da aka rubuta ya nuna mishan ɗin SIM ta taka ƙasar nan tun 1893, amma Turawan mulki sun daɗe suna taka mata birki a ƙasashen sarakunan Arewa. Sai a ƙarshen shekarun 1930 ƙofa ta ɗan buɗe ta hanyar jinyar kutare, aka ba ta wurare irin su Babbar Ruga kusa da Katsina. Kafin nan, a 1932, an riga an buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Likita Miller na Zariya ya ba da ƙarfinsa a kai. A 1954 ekklesiyoyin da SIM ta haifa suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA, a cikin waɗannan shekaru kuma limaman Katolika 'yan ɗariƙar Dominik suka sauka Gusau, daga baya aikinsu ya kai Funtuwa da Malumfashi. Wannan na takarda ke nan. Na baki, wanda na ji daga tsofaffinmu, bai kai haka girma ba: wani mai bishara ya zo a kan keke, ya roƙi masauki, aka ba shi zaure. Da dare mutum uku ko huɗu su zo su zauna gaban aci-balbal, rabi don jin labari, rabi don koyon karatun boko. Babu gini, babu benci, babu ƙararrawa. Waɗannan mutum huɗun su ne ekklesiyar gaba ɗayanta.

Wanda bai san zaman gidan Maguzawa ba, da wuya ya gane nauyin abin da mutanen farkon nan suka ɗauka. Gida guda yakan tara mutum hamsin ko fiye, gandu ɗaya, maigida ɗaya, tsafin gida ɗaya. Giya kuwa da ita ake kiran gayya, da ita ake neman aure, da ita ake sallamar mamaci. Ranar da mutum ya ce ya bi Yesu, ya hana a dafa giya a ɗakinsa, ya ƙi ba da akuyar yanka, ranar ya fita daga lissafin gayya. Ciyawa kuma ba ta jiran kowa ya gama shawara da zuciyarsa. Kakata ta wajen uwa takan ba mu labarin daminar farko bayan da kakana ya ba da gaskiya. Noman fari ya wuce shi, maimai ya gabato, 'yan'uwansa na ciki ɗaya suna wucewa ta gefen gonar ba mai ko ɗaga kai. Wata safiya sai ga mutane kaɗan daga unguwanni dabam-dabam, kowa da fartanya a kafaɗa, waɗanda ba su haɗa jini da shi ba, abin da ya haɗa su kawai zaman zauren nan na dare. Suka tsaya a bakin gona suka yi addu'a, suka duƙa, ba su miƙe ba sai da rana ta karkata. Kunu ta dama musu, suka sha suka tafi. Ita a lokacin ba ta karɓi sabuwar hanyar ba, tana ma jin haushin mijinta. Har ta tsufa tana cewa, "Ni ba wa'azi ne ya kawo ni ba, fartanya ce."

A farkon shekarun 1960 aka ƙaddamar da shirin Sabon Rai Don Kowa a lardunan Zariya da Filato, wanda Gerald Swank na SIM yake cikin jagororinsa, daga nan ya bazu Arewa. Ginshiƙinsa ƙananan rukunan addu'a ne a gidaje, ba a jiran fasto, ba a jiran Lahadi. Da ya iso wajenmu bai tarar da baƙon abu ba, sai dai ya ba abin da ake yi tsari da suna. Wanda ke da rediyo kuma ya kamo shirin Hausa na tashar ELWA daga Laberiya, maƙwabta su zagaye shi, in an gama a zauna a tattauna abin da aka ji.

Zumuntar da na fara sani da idona ta mata ce, domin a bayan Inna na fara halartarta, daga baya ina riƙe da gefen zanenta. Da la'asar sakaliya, rana ɗaya a mako, bayan an dawo daga gayauna, sai ka ga mata suna ɓullowa ta hanyoyin gona ɗaya bayan ɗaya, wata da kujerar tsuguno a ka, wata da buhun da za ta shimfiɗa. Kayan kiɗansu tulu ne na ƙasa da ake dukan bakinsa da guntun soso, da kuge, da gora mai tsakuwa a ciki. Waƙoƙinsu da yawa ba a littafi suke ba. Wata ce za ta ji labarin Rut, ko na ɗan nan da ya cinye gadonsa ya dawo gida, ta kwana tana juya shi a ranta, ta zo da waƙa, sauran su amsa. Matan da ba su taɓa riƙe alli ba sun haddace labaran Littafi masu yawa ta wannan hanya, kuma da su suka yi mana reno. Bayan waƙa wadda ta iya karatu ta karanta, a yi bayani, a yi addu'a. Sannan a zo kan tambayar da ita ce ƙashin bayan taron: wa ba ta zo ba, me ya hana ta? Idan an ce wance ta sauka, nan take a raba aiki, masu kai itacen wankan jego, masu ɗebo ruwa, mai dama kunun kanwa. Idan rumbun wata gwauruwa ya yi ƙasa a watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, kowace ta ƙullo kwano guda na dawa, a haɗa, mutum biyu su kai da magariba don kada a ga shigarsu. Maza su ne dattawan ekklesiya, su ke hawa bagade, su ke riƙe da littafin kuɗi, amma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san a wuyan wa kayan yake rataye. Zumuntar maza takan yi ƙarfi wata biyu ta yi sanyi wata shida. Ta mata a wancan zamani ban taɓa jin ta tsaya ba, ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.

Sai dai zan yi wa tarihi ƙarya idan na ce komai zuma ne. A ƙauye wanda ke zaune kusa da kai a zumunta ko kawunka ne, ko surukinka, ko ƙanin matarka, kunya kuwa ba ta tsayawa a ƙofar majami'a. Matar da mijinta ke dukanta, yaya za ta buɗe baki alhali uwar mijin ce ke jan addu'a? Iyakarta ta ce a tuna da ita kan wata damuwa, kowa ya ce amin, kowa ya san damuwar, ba mai taɓa ta. Saurayin da shakka ta shige shi game da abin da aka koya masa ba shi da inda zai kai tambayarsa ba tare da an ce ya fara ja da baya ba. Na ga 'yan mata da aka sa ƙarƙashin horo suna zama a bencin baya wata da watanni, idon kowa a kansu, wanda ya jawo musu abin kuwa ya tafi cin rani ya dawo an manta. Zumuntarmu ta dā ta iya ciyar da mai yunwa, ta iya jinya, ta iya zaman makoki. Abin da ba ta iya ba shi ne ta saurari maganar da ke da nauyin faɗa.

Da shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975 ya shigo da taki da hanyoyi, auduga da masara suka kawo kuɗi, majami'un jinka suka koma na kwano, daga baya aka sayi janareta da lasifika. Zumunta ma ta girma. Ta yi shugaba da mataimakiya da magatakarda da ma'aji, ta yi zane iri ɗaya, da kuɗin wata, da tarar makara, da gasar waƙa, da babban taron shekara da ake ɗaukar mota a tafi. Mu da muka je makarantun kwana muka haɗu da FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista da aka kafa a Gindiri a 1957, muka dawo da sabbin waƙoƙi da sabon salon addu'a. Akwai alheri a duk wannan, ba na musu. Matan da ba su taɓa wuce Sheme ba sun ga Jos saboda taron zumunta, sun dawo sun san ba su kaɗai ba ne a duniya. Amma na lura da lokacin da tambayar "me ya hana wance zuwa?" ta fara komawa "wance ta biya?" Na san matan da suka daina zuwa don ba su da kuɗin sabon zane, ba kuma wanda ya bi sawunsu. Abin ya fi damuna da na karanta yadda John Wesley ya fara nasa ƙananan azuzuwan a birnin Biristol na Ingila a 1742. An raba mutane goma sha biyu-biyu ne don a riƙa karɓar kwabo ɗaya a mako a biya bashin gini, sai masu zagayen karɓar kuɗin suka fara ganin halin da mutane ke ciki, wa ke ciwo, wa ya koma shaye-shaye, wa ke rigima da matarsa, daga nan ajin ya zama wurin kula da rai. Su daga kuɗi suka taso suka isa ga mutum. Mu a waɗancan shekaru mun kama hanyar da ta saɓa wa tasu.

Ana cikin haka daji ya rufto mana. Satar shanu ta zama satar mutane, Dajin Rugu da dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari suka zama sansani. A watan Yunin 2020 aka yi kisan Kadisau a ƙasar Faskari. Daren 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Mayun 2021 aka shiga gidan limaman Katolika a Malumfashi aka kashe Fada Alphonsus Bello. Wata Lahadi a Janairun 2023 aka afka wa masu sujada a wata majami'ar Sabon Rai Don Kowa a ƙasar Ƙanƙara aka tafi da mutane. Kuma wajibi ne in faɗa da babbar murya cewa wannan wuta ba ta tambayar addini. Mafi yawan waɗanda aka kashe, aka sace, aka kora daga gonakinsu a yankinmu Musulmi ne, maƙwabtanmu, wasu ma danginmu na jini. A watan Agustan 2025 mutanen Unguwar Mantau ta Malumfashi suna sallar asuba aka buɗe musu wuta a masallaci. Sau da yawa idan ana haɗa kuɗin fansar wani namu, hannun maƙwabci Musulmi na cikin ƙwaryar, haka namu ke cikin tasu.

Abin da ya fara mutuwa shi ne sauti. Aka daina buga tsohon ƙarfen tayar da ke rataye a bishiya don kiran sujada. Aka sauke lasifika. Addu'ar kwana ta tsaya, waƙar Kirsimeti ta gida-gida da dare ta tsaya, tulun zumuntar mata ya koma bayan ɗaki. Sujadar Lahadi da ke cin awa uku ta koma ta gaggawa, samari na tsaye a waje suna duban hanya. Amma akwai wata mutuwa da ta fi wannan ciwo, wadda baƙo ba zai gani ba. Mu mutane ne masu ba da shaida. Mutum ya samu buhu arba'in na masara, ya sayar da bijimi, ɗansa ya samu aiki a Abuja, sai ya miƙe a gaban jama'a ya gode wa Allah, ya kawo baikon godiya, a yi guɗa. Da aka gane 'yan bindiga na zuwa kai tsaye ƙofar wanda ya sayar da hatsi jiya, kalmar infoma ta shiga bakin kowa, sai shaida ta zama haɗari. Mutum ya ɓoye alherin da Allah ya yi masa, ya ɓoye wa ɗan'uwan da suke cin Jibin Ubangiji tare. Ban san yadda zan auna wannan asara ba. Gonar da aka bari za a iya komawa a share. Zuciyar da ta koyi zargin wanda ke gefenta a benci, gyaranta ba na damina ɗaya ba ne.

A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da fetur a jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ba a fara dawo da su ba sai Disamba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A watannin nan ƙafar ce ba ta da hanya, wayar da ta maye gurbinta ita ma ta yi shiru. Fasto ba ya iya zagaya rassa. Abin da ya rage shi ne wanda ke bayan katangarka. Sai ga mutane sun koma zama huɗu-huɗu, biyar-biyar a cikin ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, ba shugaba, ba zane, ba tara, wanda ya iya karatu ya haska tocila ya karanta. Ba wanda ya tsara haka. Tsofaffin da suka ga farkon abin sun ce haka aka fara.

Daga baya unguwarmu ta watse, kamar yadda da yawa suka watse. Wasu suka nufi Malumfashi, wasu Zariya, wasu suka bi dangi har kudancin Kaduna da Nasarawa neman gona. Ni da iyalina Funtuwa muka sauka. Ekklesiyar gari ta karɓe mu da mutunci, ba ni da abin cewa a kanta sai godiya. Amma babbar majami'a ranar Lahadi kamar kasuwa take, ka ga kowa, ka gaisa da kowa, ka koma gida ba wanda ya san ko ka karya kumallo. Mutumin da ya saba shi ne mai ba da hatsi a ƙauye, yanzu yana ɗakin haya yana awo da kwano, ba zai tsaya a gaban mutum ɗari biyar ya faɗi halin da yake ciki ba. A nan na fahimci cewa a gari zumunta ba ta zuwa ƙofarka, sai ka ɗaura niyya ka je, ka yi sallama a ɗakin mutanen da ba ka san iyayensu ba.

Wani tela da ke zama bayana a majami'a ne ya ja ni zuwa ƙaramar zumuntarsu. Suna haɗuwa da yamma a tsakiyar mako, a tsakar gidan hayar wata dattijuwa da kowa ke kira Goggo, ita ma gudun hijira ya kawo ta daga ƙasar Sabuwa. Akwai manoma irina, akwai malamar asibiti 'yar Zuru, akwai wani Ibo mai sayar da kayan babur da aka haifa a Funtuwa, Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi, akwai matasa biyu masu acaba. Ba a wa'azi. A karanta wuri guda, sau biyu, a yi shiru, kowa ya faɗi abin da ya ji ya taɓa shi, wanda ba shi da magana ba a matsa masa. Da aka zo ƙarshe Goggo ta dube ni ta ce, "Ɗana, me za mu kai maka gaban Ubangiji?" Na ba da amsar da muka gada, na ce a dai yi mana addu'ar zaman lafiya. Ta ce, "Wannan ta kowa ce, kullum muna yin ta. Taka nake tambaya." Tun da nake ba a taɓa yi mini wannan tambaya a wurin ibada ba. A ɗakin babu surukina, babu wanda zai kai maganata gidanmu. Na faɗa musu ba na barci, ko babur ya wuce da dare sai in miƙe zaune, kuma na daɗe ban iya buɗe baki na yi addu'a ni kaɗai ba. Ba wanda ya yi mini faɗa. Mai kayan babur ya ce shi ma haka ya yi bayan an tare su a hanyar Gusau.

Akwai wata mata a cikinmu da ta yi watanni a hannun 'yan bindiga, aka sayar da gona aka fanso ta, mijinta kuwa bai dawo ba. Takan zo ta zauna a gefe, ba ta waƙa, ba ta magana, in an tashi ta tashi. Ba wanda ya ce ta ba da shaida. Malamar asibitin ce ke rakiyarta gida, ita ta lallashe ta har ta yarda ta ga likita. Wata rana karatu ya kawo mu Matta sura 5, inda Yesu ya umarci mabiyansa game da maƙiya da masu tsananta musu. Wurin nan mun sha karanta shi a ƙauye muna gyaɗa kai, lokacin da maƙiyinmu bai wuce wanda shanunsa suka ci mana wake ba. Ranar da aka karanta shi a tsakar gidan Goggo ba wanda ya iya ɗaga ido. Sai matar nan ta yi magana, karo na farko. Ta ce, "Goggo, ni ba zan iya ba. Na san fuskokinsu. In na ce na yafe, ƙarya na yi." Wani matashi ya buɗe baki zai kawo mata aya, Goggo ta ɗaga masa hannu. Ta ce, "'Yata, kada ki yi wa Allah ƙarya, ya fi son gaskiyarki. Wannan addu'ar ki bar mana ita, mu za mu riƙa yi a madadinki har ranar da za ki iya. In ba ki iya ba har ki mutu, ba a kanki kaɗai take ba." Tun daga ranar duk mako sai wani cikinmu ya yi addu'a domin mutanen daji, Allah ya juyo da su, ya kuma tsare hannunsu daga jama'a. Ba abu ne mai sauƙi ba, akwai ranar da ni ma muryata ke maƙalewa. Ita har yanzu ba ta cewa amin a wannan wurin, amma ba ta tashi ta fita, ta kuma fara waƙa.

Idan aka tambaye ni mene ne girma cikin ruhaniya, wannan zan nuna. A da muna auna shi da yawan ayoyin da mutum ya haddace, da rashin fashin sujada, da barin giya da taba, kuma duk suna da wurinsu. Amma ban ga mutum ya girma shi kaɗai a kan benci yana sauraron lasifika ba. Waɗanda na ga sun canza, sun canza ne a inda aka san sunansu da ciwonsu, inda za su iya cewa "ba zan iya ba" ba a kore su ba, ba kuma a ce musu ba komai. Wannan zumuntar gari ta ba mu abin da ta ƙauye ta hana mu. Ita ma tana da nata raunin. A ƙauye mutum ba ya iya ɓoye halinsa, domin masu yi masa addu'a suna ganin gonarsa da matarsa da mudunsa. A gari yana iya zuwa ya yi magana mai daɗi ya koma ya zama wani mutum dabam, in an taɓa shi kaɗan ya sauya ƙungiya, tunda ga su nan birjik. Akwai kuma masu buɗe taron gida don su zama shugabanni, su mai da wahalar mutane hanyar karɓar baiko, su yi wa mai neman ɗansa da aka sace alkawarin wahayi. Waɗannan na gan su, kuma ina ganin hakkin ekklesiya ne ta sa ido a kansu ba tare da ta shaƙe ƙananan tarurrukan da dokoki ba. Wayar hannu ta taimaka, muna da zaure a WhatsApp inda waɗanda suka watsu ke aiko da saƙon murya, a ji wa ya haihu, wa aka sako, wa ya rasu. Amma saƙon murya ba ya kai itacen jego, kuma tsofaffi da yawa ba su da irin wayar.

A 2023 Paparoma Francis ya kafa dayosis na Katsina ya naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe, bishop ɗinsa na farko. Mu da ba 'yan Katolika ba ma mun yi murna, domin an daɗe ana yi mana kallon baƙi a ƙasar kakanninmu, wasu ma ba su yarda akwai Bahaushe Kirista ba. Sai dai a daidai lokacin da sunanmu ya fara fitowa a sama, gidajen da suka haife mu suna zama kufai a ƙasa. 'Ya'yana ba su san gayya ba. Idan damina ta faɗi wasu mazanmu kan saci jiki su koma su yi shuka, su kwana a gari su shiga gona da rana, in an samu lafawa a yi noma, in ta ɓaci a bar wa tsuntsaye. Zumuntarmu na riƙe da sunayensu, duk wanda ya tafi sai ya faɗi ranar dawowa, in ranar ta wuce a fara bugun waya.

Yanzu muhawarar da ke gabanmu ta yawa ce. Tsakar gidan Goggo ta cika, mun haura ashirin, masu zuwa daga baya a zaure suke tsayawa. Na lura masu ƙaramar murya sun fara komawa shiru, tambayar nan ta "me za mu kai maka" ba ta zagayowa kan kowa kafin duhu. Ni da telan muna ganin a raba gida biyu, rabi su koma wajen malamar asibiti, a riƙa haɗuwa gaba ɗaya sau ɗaya a wata. Goggo ta ƙi. Ta ce an raba ta da mutanenta sau ɗaya da bakin bindiga, ba za ta raba waɗannan da hannunta ba. Matar da aka fanso ta goyi bayanta, matasan suna tare da mu. Mun kai maganar gaban dattawan ekklesiya, suka ce mu ne muka san kanmu, mu daidaita. An bar ta sai bayan kaka, idan waɗanda suka tafi gona sun dawo, don a yanke da kowa a zaune.